Auta a Bakin Kwandon Tsumma

Faɗan da Auta ya fi jin haushinsa a duniya da ni ya yi shi, a kan wando, kuma ni na ci.

Auta ƙanen mijina ne. Da aka kawo ni gidansu yana yawo a tsakar gida da majina har leɓe, ko ɗan kamfai babu a jikinsa, saboda haka na san shi tun bai mallaki wandon da za a yi rigima a kansa ba. Yanzu furfura ta cinye masa kai, mutane na ce masa Baba Auta, ni dai Auta nake cewa. Shi kuma in yana neman wani abu a wurina Yaya ce ni, in ya ƙoshi na koma tsohuwar nan.

Tun yana saurayi yake aiki a masaƙa, a tsaye kan injinan saƙa, har ranar da aka sa wa ƙofar masaƙar kwaɗo aka ce kowa ya tafi gida, za a neme shi. Ya dawo da shuɗin wandonsa na aiki. Kullum da safe sai ya saka shi, ya ɗaura bel, ya fita ƙofar gida ya zauna a benci, wai kada a aiko kiransu a tarar bai shirya ba. Inji bai cinye wandon nan ba, benci ne ya cinye shi. Ran nan na gan shi a igiyar shanya, iska na shiga ta baya tana fita ta gaba, ni kuma ina neman abin goge daɓe. Na sa almakashi na cire ƙafa ɗaya.

Auta ya shigo ya ga wandonsa ya zama gurgu, sai ya ɗauke shi a hannu biyu kamar gawa, ya kai ƙara wurin yayansa, maigidana, Allah ya jiƙansa. Ya ce wandon nan da sauran ransa, faci ɗaya kawai yake jira aka yi masa kisan gilla. Ya kawo tarihin yadin, ya faɗi irin zaren, ya ce yanzu ba a saƙa irinsa. Na bar shi ya gama tsaf. Sannan na karɓi abin da ya rage, na buɗe mazaunin wandon a gaban fuskar Auta, na ce wa maigidan ya faɗi abin da yake hangowa ta ciki.

"Auta nake gani," in ji shi. "Har giɓinsa."

Auta ya ce a kira matarsa ta yi shaida, ita ta san darajar wandon. Baiwar Allah ta zo ta tsaya kanta a ƙasa, ta ce gaskiya ita ta daɗe da yanke aljihun baya, da shi take sauke tukunya. Nan shari'a ta ƙare. Maigidan ya ce Auta ya ba ni haƙuri saboda ɗaga min murya, ya kuma bar min ɗaya ƙafar in haɗa. Auta bai ƙara yi min magana ba sai da yunwa ta kama shi.

Muna ba da labarin nan a yi dariya, amma shekarun ba na dariya ba ne. Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da mutumin da aiki ya rabu da shi ba, ɗauka yake hutu ne. Da fari Auta yana fita nema, a ce masa za a kira shi. Daga baya aka fara duban furfurarsa kafin a dubi takardunsa. Daga baya ma ya daina fita. Ya daina zuwa taron dangi, don ba ya son tambayar nan ta "yanzu ina ake?" In lokacin dawowar yaransa daga makaranta ya yi, sai ya tashi daga benci ya zagaya bayan layi, ya dawo yana karkaɗe ƙafa kamar wanda ya fito daga wani wuri. Yaran sun sani, shi ma ya san sun sani, amma sai su ce masa sannu da dawowa. Matarsa ce ta riƙe gidan da keken ɗinki, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba. Gorin ni na ɗauke mata shi, don a kowane gida dole a samu mai yi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kama wani tsohon sito a bayan tashar manyan motoci. Suna bin gidaje da otal-otal da shagunan teloli suna tara tsofaffin kaya: riguna, wanduna, zanin gado, labule, har ƙyallayen da almakashi ya zubar. A tantance, mai sauran amfani a sayar wa 'yan gwanjo, sauran a sarrafa su. Sharaɗinsu ɗaya ne wajen ɗaukar ma'aikata, sai wanda ya daɗe ba shi da aiki. Na ce yau ga gasar da Auta zai zo na ɗaya.

Matarsa ta kawo masa maganar a hankali. Ya ce shi da ya saƙa sabon yadi da hannunsa ba zai je yana tonon warin hammatar mutane ba. Ina gefe ina yanke farce. Na ce masa ai masu hammatar gumin aiki suka yi, shi kuwa rigarsa ko wari ba ta yi. Washegari ya riga kowa tashi. Ba shawara ce ta kai shi ba, haushina ne, ni kuwa duk ɗaya ne a wurina. Da yamma ya dawo da burbushin auduga a gira da gemu, yana mita bayansa zai karye, ya nemi ruwan zafi da babbar murya yadda maƙwabta za su ji. Rabon da in ji mutum yana kukan gajiya da irin wannan jin daɗi na manta.

Ga yadda wurin yake. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, fanka biyu a sama, ɗaya tana juyi ɗaya tana kallonta. A tsakiya dogon tebur, a zazzage buhu a kai, mutane su jeru da safar hannu da ƙyallen rufe hanci. Bayan kowa kwando uku. Na farko na sawa, kayan da mutum zai saya ya saka ya fita. Su ake ɗaurewa dila-dila a kai wa 'yan gwanjo. Na biyu na yanka, yadin auduga mai shan mai da ruwa, a yayyanka shi a sayar wa kanikawa da masu fenti su goge hannu. Na uku na niƙa, wanda ya mutu murus, inji ya yayyage shi ya koma kamar auduga a cusa a katifa da matashin kai.

Hannun Auta bai manta yadi ba. Ya murza riga da yatsa biyu ya faɗa maka auduga ce ko roba, yana kallon wani wuri. Ba a daɗe ba aka ba shi teburin, duk sabon da aka ɗauka a hannunsa yake koyo. Koyarwarsa kuma ba daga yadi take farawa ba. Yakan ce wanda ya daɗe a zaune ba aiki ya manta ba, safiya ya manta. Saboda haka duk sabon zuwa, Auta zai bi ta ƙofar gidansa da sassafe ya ƙwanƙwasa, su taho tare a ƙafa, har sai ranar da ya tarar da mutumin a waje yana jiransa. Daga ranar ba ya ƙara biyowa. A tebur kuwa, aljihu tukuna, don an sha cin karo da reza da allura, sannan kwala, hammata, mazauni, zif. Ba ya tsawa. In mutum ya yi kuskure sai ya ɗauko rigar daga kwandon ya maida masa gabansa, ya wuce.

Akwai tsohon direba a teburin, wanda har yau in zai matsa da kwando sai ya waiga hagu da dama. Akwai matar da ta bar aikin shara ta yi jinyar uwarta, kafin ta ɗago kai shekaru sun tafi. Akwai wani dogo da ba ya faɗin inda ya yi zamansa, mu ma ba ma tambaya. Da yawa sun yi watanninsu sun samu aiki a wani wuri sun wuce, sukan biyo su gaishe shi da sabon takalmi a ƙafa, shi kuma ya yi ta kallon takalmin kamar shi ya haife shi.

Ni kuwa abinci na kai masa wata rana, na ga ana jefa riguna a inji da maɓallansu. Raina ya ɓaci. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa da reza, ina cire maɓalli da zif kafin a yanka, teloli na zuwa suna kwasa. Ba wanda ya ɗauke ni aiki, ba kuma wanda ya isa ya kore ni. Duk abin da aka jefa a kwandon yanka da na niƙa sai ya bi ta cinyata. Baƙi masu ziyara sukan zo su dafa ƙirji su ce, Allah sarki, ana gyara tsumma ana gyara mutane. Nakan ce su matsa min daga haske, kuma a nan ba tsumma sai tsumman.

A haka aka kawo Akawu. Ya yi aikin ofis a wani kamfanin sufuri da ya rushe tun 'yarsa tana goye, ga ta yanzu ta zama budurwa. Siriri ne, mai ladabi har ya ba mutum haushi, kullum cikin kwat ɗinsa ɗaya da guga ta sa gwiwar hannunta ƙyalli. Kowa "ranka ya daɗe" ne a bakinsa, ni ma sai da na roƙe shi ya bar ja min rai, wanda nake da shi ya ishe ni. Auta ya sha wuya kafin ya fito da shi, don sau da yawa sai ya ƙwanƙwasa a leƙo a ce ba ya jin daɗi. Amma da ya fara fitowa ya fi kowa sammako. Matar Akawu ta taɓa tare Auta a hanya ta ce ranar da aka ba mijinta safar hannu, a ƙarƙashin matashi ya kwana da ita, kuma yarinyar ta gaya wa duk ƙawayenta babanta ya koma aiki.

Ni na fara lura da matsalar. Daga gefen Akawu ba abin da ke zuwa cinyata. Kwandonsa na sawa kullum a cike har yana zuba, sauran biyun kuwa sai ka shimfiɗa jariri a ciki. Na ɗauka sa'ar buhu yake yi. Lokacin kaya sun yi yawa, Auta yana can ɗaya ƙarshen teburin yana fama da wasu sababbi, bai duba ba. Sai ga Mai Gwanjo, babban mai sayen dilolinmu, ya dawo da dila guda a bayan mota ya kwance ta a tsakar sito. Riga mai ƙunar guga a baya, wando ba zif, singileti da ta zama raga. Ya ce shi kaya ya saya ba shara ba, in aka ƙara zai koma saye a wani wuri.

Manajarmu yarinya ce sa'ar jikata, mai gilashi, wurin nan a kanta yake kamar tulu. Ba muguwa ba ce. Amma in Mai Gwanjo ya tafi, abincin kowa ya tafi, kuma ta san haka. Ta kira Auta gefe ta ce, Baba, ko dai idon mutuminka ya gyaru, ko a ba wani wurin, ga mutane can a layi suna jira.

Auta ya koma ya tsaya bayan Akawu yana kallonsa. Akawu ya ɗaga wata riga da kwalarta ta cinye, ya jujjuya ta, ya shafa, ya ninke ta da kyau ya sa a kwandon sawa. Auta ya tambaye shi dalili.

"Ranka ya daɗe, ai in aka juya kwalar za ta daɗe ana sawa," in ji Akawu. "Ta fi wadda ke jikina."

Ya ɗan buɗe kwat ɗin ya nuna masa. Gaskiya ya faɗa.

Auta ya zo ya tsuguna kusa da kujerata kamar mai neman maɓallin da ya faɗi. Ya ce, Yaya, mutumin nan ba makaho ba ne. Duk rigar da ya ɗaga, tambayar kansa yake ko shi zai iya sawa, shekarun da ya yi a zaune kuma sun koya masa ba rigar da ba ya iya sawa. Na ce ai na san wani mai irin wannan ciwon. Ya ce in ja bakina in ci gaba da cire maɓallina.

Maganin da ya samo, sauya masa tambayar ya yi. Ya ce daga yau kada ya ƙara auna kaya da jikinsa. In ya ɗaga riga ya tuna 'yarsa: zai yarda ta saka wannan ta shiga cikin ƙawayenta? In kayan maza ne, zai yarda ta jera a titi da wanda ya saka su? In e, kwandon sawa. In a'a, sauran biyun. Akawu ya gyara tsayuwa ya ce ya gane sarai.

Ya gane har ya wuce. Kafin a tashi aiki ranar nan, cinyata ta cika, washegari na nutse. Riguna lafiyayyu, wandon jins da ko gwiwa bai yi ba, siket mai sauran ƙamshin shago, duk ga su a kwandon yanka. Ashe a duniyar nan ba a ɗinka rigar da ta dace da 'yar Akawu ba tukuna. Wannan launinta ya ɗan kwanta, wannan zare ɗaya ya fito a kalmasa, wannan kuwa lafiyarta ƙalau amma ba ta yi masa kama da ta 'yar mutunci ba. Su wandunan maza ba a magana, ba wanda ya ci jarrabawa. Direba ya ce in haka ne yarinyar nan sai dai ta auri tela. Na ware abin da na iya warewa, amma hannuna biyu ne, idona kuma ɗaya da rabi. Kafin maganar ta isa kunnen Auta, masu yanka sun riga sun sa almakashi a wani tari, kanikawa suka yi ta goge baƙin mai da rigunan da ango zai iya sawa.

Ranar da abin ya fashe, Mai Gwanjo ne ya zo da kansa yana ƙorafin kayan kirki sun yi ƙaranci a dilarsa, sai ya ci karo da su a yayyanke a bakin ƙofa, kusa da ƙafata. Ya ɗauki rabin wata farar riga ya riƙe kamar zai yi mata kuka. Manaja ta fito daga ɗan ofishinta. Akawu bai jira an kira sunansa ba. Ya cire safar hannunsa, ya haɗa su ya ajiye a bakin tebur, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa duka, ya koma jikin bango ya tsaya. Na san irin tsayuwar nan. Mutum in ya koma ɗaki daga ita, ƙwanƙwasa ƙofa ba ta ƙara fito da shi.

Manaja ta ce abin ya zama biyu ke nan, da fari tsumma ya tafi kasuwa, yanzu kayan kasuwa sun tafi bakin almakashi, ita ba ta san da wane baki za ta yi wa ƙungiya bayani ba. Auta ya ce na biyun nasa ne, shi ya ba mutumin ma'aunin, a rubuta a kansa. Ya ce a dawo da Akawu kusa da gwiwar hannunsa, duk abin da ya ɗaga ya faɗi kwandon da baki kafin ya jefa, har sai idonsa ya zauna. Manaja ta ce teburin zai rage gudu. Auta ya ce ƙwarai zai rage. Amma mutumin da magana ɗaya ta ɗauke idonsa daga wancan ƙarshen ta kai wannan, mutum ne mai jin magana, tsakiya ce kawai ta rage masa, kuma ta fi duka biyun kusa.

Yarinyar ta cire gilashinta ta murza ido, ta dubi safar hannun nan a bakin tebur, ta dubi dilar da ke jiran mota. Duk teburin an daina aiki, hannuwa na cikin kaya amma ba abin da ke motsi. Ni ma na ajiye rezata.

Mai Gwanjo ya ga maganar na neman karkata, sai ya jefar da rabin rigar ya gyara hula.

"Ku dai wasa kuke da sana'a," in ji shi. "Ni a shagona, mutum ya yi min kuskure sau ɗaya in ja masa kunne, ya ƙara in nuna masa ƙofa. Ko tsoho ne ko yaro. Waɗanda na sallama ba su ƙirguwa."

Amsar da ya samu daga Auta ce ta kashe maganar. Bayanta Manaja ta juya baya tana danne dariya, ta ɗauki safar hannun ta miƙa wa Akawu, kuma har yau yana nan a teburin, shi ke nuna wa sababbi yadda ake duba kwala. Auta ko murya bai ɗaga ba. Yana cikin lalube aljihun wani wando ya ce:

"Mun sani, Alhaji, ai daga irin shagonku ake kawo mana su. To in mu ma muka nuna masa ƙofa, ta wa zai shiga? Taka?"